Tarihin Kalmar "Soup": Yadda Ta Baro Turai Ta Faɗo Tukunyarmu



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau ƙaramin abu ne, amma ya hana ni sakat. Ran nan da daddare muna zaune a tsakar gida a nan Sabon Ibadan, Hajiya ta kawo tuwon masara da miyar kuka, irin wadda ta ji daddawa da man shanu, sai jikata 'yar shekara 9, wadda nake tsokana da amarya, ta leƙa kwano ta yatsine fuska ta ce, "Kaka, ni fa ba na son wannan baƙin suf ɗin." Hajiya ta ce, "Ke kishiya, miyar kukar tawa ce baƙin suf?" Aka yi dariya, ni ma na dara. Amma da na kwanta sai abin ya riƙa yi mini yawo a ka, domin na lura yarinyar nan miyar kuka suf take ce mata, taushe suf, romo suf, har farfesun kan rago da ake yi da Babbar Salla suf. Na yi ta lalube ko zan tuna ranar da na ji kalmar miya a bakinta, ban tuna ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce, haka sa'o'inta suke a unguwar nan.

Wannan ya tuna mini da labarin wani ɗan ƙanena da ya je karatu Ingila. Ya ce mini, "Baffa, ranar da na sauka yunwa ta kama ni, na shiga wani gidan abinci, na duba takarda na ga 'soup' ne mafi araha, na ce a kawo. Aka kawo mini wani ɗan kwano da ruwan tumatir mai ɗan kauri, da cokali, da yankan burodi guda. Na zauna ina jiran tuwo har abin ya huce. Sai da mai kawo abincin ta zo tana tambaya ko lafiya, sannan na gane ashe an gama da ni ke nan." Mun sha dariya a lokacin. Amma tambayar da ta tsaya mini ita ce, ta yaya kalma ɗaya take nufin abu kaza a bakin Bature, ta kuma nufi wani abu daban a bakin ɗan Nijeriya? Wa ya ɓata, mu ko su? Na bi sawun kalmar, ga abin da na samo.

Da farko dai kalmar ba ta Ingilishi ba ce, su ma aro suka yi. Ta shiga harshensu daga Faransanci wajen tsakiyar ƙarni na 17. Kafin nan abincin talakan Ingila na yau da kullum sunansa "pottage", wato abin cikin tukunya, ana haɗa hatsi da ganye da wake, in da hali a jefa ɗan nama, a dafa har ya yi kauri, kamar dai fate a wajenmu. Ruwan nama kuwa, wato romo, "broth" suke ce masa, kuma har yau kalmar tana nan.

To a Faransanci fa, me kalmar take nufi? A nan ne abin mamaki yake, mai karatu. Asalin "soupe" ba ruwan ba ne, yankan burodin ne da ake sakawa a kwano a zuba masa romo. A ƙauyukan Turai na wancan zamani ba kullum ake gasa burodi ba, akan yi mai yawa a ajiye, ya bushe ya yi tauri har haƙori ba ya iya masa, sai an jiƙa. Shi ya sa Faransawa suke da tsohuwar magana ta cewa a jiƙa "soupe", kuma kowa ya san ba a jiƙa ruwa. Tushen kalmar shi ne "suppa" a Latinancin baya-baya, wanda shi ma ya samo ta daga harsunan kakannin Jamusawa, ma'anarta burodin da aka tsoma. Daga wannan tushe Ingilishi ya samu "sop", lomar da aka tsoma a romo, ya kuma samu "supper", abincin dare, tun da shi ake ci in rana ta faɗi, kamar yadda mu ma muke cewa tuwon dare ko da shinkafa da wake aka dafa.

Ashe ke nan, in za mu faɗa da Hausa, asalin kalmar tuwon take nufi, ba miyar ba. Da tafiya ta yi tafiya sunan ya zame daga kan burodi ya koma kan ruwan. Yankan burodin nan da aka ajiye wa ɗan ƙanena a gefen kwano, shi ne tuwon da yake jira, sai dai ya ƙanƙance har bai gane shi ba.

Daga wannan romo ne kuma gidan abinci irin na zamani ya samo sunansa. A birnin Faris, a ƙarni na 18, akwai wani romon nama da ake dafawa ya daɗe a kan wuta, ana sayar wa marasa lafiya da masu raunin ciki, ana ce masa "restaurant", wato mai maido da ƙarfi. Wajen shekarun 1760 aka fara buɗe shaguna musamman don sayar da shi, kowa da teburinsa da ɗan kofinsa. Sannu a hankali aka ƙara wasu abinci, sunan romon ya koma sunan shagon. Don haka duk allon da ka gani a Mokola ko Dugbe an rubuta wannan kalma, to sunan romo ne kake karantawa.

Akwai kuma zuriyar wannan kalma a cikin kowace tukunya tamu, ba mu sani ba. Tun shekarun 1750 sojojin ruwan Ingila suke dafa romon ƙashi da nama har ya ƙafe ya daskare kamar ƙaro, a yanka shi gunduwa-gunduwa a tafi da shi teku, in ana so a jefa a ruwan zafi. Kyaftin Cook ya yi guzurinsa a tafiye-tafiyensa. Daga baya wani mutumin Suwizalan mai injin niƙa, Julius Maggi, ya fara sayar da garin miya na wake a 1886, saboda ma'aikatan masana'antu, musamman mata, ba su da lokacin dogon girki. A 1908 kamfaninsa ya fito da ɗan dunƙulen nan, a 1947 kuma ya haɗe da Nestlé. Yau a gidajenmu kowane dunƙule magi ne, ko wane kamfani ya yi shi. Sunan wani mai niƙa ne a Turai ya zo ya zauna kusa da daddawa, har yana neman ture ta.

Amma tarihin kalmar nan ba duka ne na daɗi ba. A Turai ta daɗe tana tafiya tare da yunwa, domin babu abincin da ake iya ƙara wa ruwa ya ishi mutum dubu kamarsa. A shekarun 1790 wani haifaffen Amurka mai suna Benjamin Thompson, wanda aka fi sani da Rumford, ya tsara wa talakawan birnin Munik na ƙasar Jamus wani haɗi na sha'ir da wake da dankali, da lissafin yadda za a ciyar da mutane da yawa da kuɗi kaɗan. Aka kwaikwayi tsarin a garuruwa da dama. Wuraren rabon su ake kira "soup kitchen", wato madafar sadaka.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne ƙasar Ayalan. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankali, wanda shi ne abincin talakan ƙasar safe da dare. Yunwar ta ɗauki shekaru, mutum kamar miliyan 1 suka mutu, wasu fiye da miliyan 1 suka bar ƙasar. A 1847 gwamnatin Birtaniya, wadda ke mulkinsu, ta yi dokar buɗe madafun sadaka, kuma a watan Yuli na shekarar mutum wajen miliyan 3 ake ciyarwa a kowace rana, kafin a rufe shirin a ƙarshen bazarar. Akwai masu taimako irin su 'yan ɗariƙar Kwaka da suka ciyar ba tare da sharaɗi ba. Amma an samu wasu 'yan mishan na Furotesta da suka haɗa ciyarwa da karatun addininsu, alhali yawancin mayunwatan Katolika ne. Wanda ya karɓa sai a ce ya sha "soup", a laƙaba masa suna "souper". Masana tarihi sun nuna masu irin wannan sharaɗi ba su kai yadda aka yayata ba, amma tabon ya zauna, har jikoki da tattaɓa kunne ana yi musu gori da kwanon da kakansu ya karɓa. Kuma yankunan da yunwar ta fi yi wa ɓarna su ne inda aka fi jin harshen ƙasar na asali, don haka harshen bai sake komawa yadda yake ba. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ni dai ba zan zargi wanda 'ya'yansa ke mutuwa a gabansa ba.

A Amurka ma, da tattalin arziki ya rushe a 1929, layin karɓar wannan abinci ya zama alamar zamanin. Har gawurtaccen ɗan ta'addan nan na Shikago, Al Capone, ya buɗe tasa madafar a 1930, yana ciyar da marasa aiki don ya wanke sunansa a idon jama'a.

Ban da tukunya, Turawa sun ja kalmar zuwa wurare da yawa. In suka ce mutum yana "in the soup", to ya shiga uku ke nan, maganar da ta yaɗu daga Amurka a ƙarshen ƙarni na 19. Hazon birnin Landan, wanda hayaƙin gawayin kwal yake sa ya yi kauri ya yi rawaya-rawaya, sun yi masa laƙabi da miyar wake. Kada mai karatu ya ɗauka irin hazon hunturunmu ne. Wanda aka yi daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952 ya kashe mutum kamar 4,000 a lissafin farko, binciken baya ya kai adadin wajen 12,000, kuma shi ya jawo dokar tsabtace iska ta 1956. Ɓarayi masu fasa akwatin kuɗi na ƙarfe sun kira ruwan nakiyarsu da wannan suna. Makanikai in sun ƙara wa inji ƙarfi sai a ce motar "souped up" ce. Sannan da Shugaba Roosevelt ya kafa hukumomi barkatai daga 1933, kowace da gajeren suna na haruffa, 'yan adawa suka ce ai wannan miyar haruffa ce, suna kwatanta su da wani romon yara da ake zuba wa taliya mai siffar baƙaƙe. Mu da muka rayu da NEPA da NITEL ba sai an yi mana dogon bayani ba.

To yanzu mu dawo gida. Kalmar ta sauka a bakin teku tare da 'yan kasuwa da 'yan mishan da makarantunsu, ta ƙara kafuwa bayan Turawa sun karɓe Legas a 1861. Da aka zo neman sunan da za a ba abin da Yarbawa ke kira "obe", Ibo kuma "ofe", mu kuma miya, sai aka ɗauko "soup" aka ɗora, duk da cewa ba su yi kama da na Bature ba. Nasa abinci ne mai zaman kansa da ake sha da cokali kafin babban abinci. Namu kuwa abokin tafiya ne, ba ya zuwa shi kaɗai, sai da amala ko teba ko sakwara ko tuwo, kuma da hannu ake ci. Bature bai san miya mai yauƙi ba, mu kuwa muna da kuɓewa da karkashi da lalo, wanda maƙwabtanmu ke kira ewedu, har Turancin Nijeriya ya ƙirƙiro "draw soup". Ya kuma raba tsakanin "soup" ta tuwo da "stew", wato jar miyar tumatir da ake zuba wa shinkafa, rabon da Bature bai san da shi ba, don shi a wajensa "stew" nama ne da dankali da aka daɗe ana dafawa.

Ka ga ke nan amsar tambayata. Ba mu ɓata ba. Ɗan Nijeriya da ya gutsuro loma ya tsoma a miya ya fi kusa da asalin kalmar fiye da mutumin Landan da cokalinsa. Kalmar ta yi yawon duniya, ta zo nan ta tarar da ana yin abin da aka raɗa mata suna dominsa.

Mu kuma Hausawan Kurmi mun haɗu da ita tun kafin 'yan uwanmu na gida da yawa. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, fataucin goro da shanu ya buɗe, aka kafa Sabon Ibadan a 1916. Mahaifina goro ya kawo shi. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna cikin mutanen Sabo a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969, inda ya nuna cewa iyayenmu sun riƙe harshensu da al'adarsu gam, domin cinikin nesa da bashi da amana ake yin sa, amana kuwa tana bukatar mutanen da suka san juna, suke jin maganar juna. Duk da haka ba su toshe kunne ba. Sun karɓi agushi da teba da alabo daga Yarbanci, Yarbawa kuma suna cewa tuwo da suya kamar kowa. Bukkar da ake sayar da abinci a ciki ita ta zama "buka", har babban ƙamus na Oxford ya shigar da ita a 2020, ya kuma shigar da suya daga baya. Aro ba abin kunya ba ne, kowane harshe da shi ya girma.

Babbar hujjata ita ce farfesu. Wa zai ji wannan kalma ya ce ba Bahaushiya ba ce? Alhali "pepper soup" ne bakin Bahaushe ya tauna. Ba mu da harafin nan na farkon kalmar, sai muka mai da shi fa, kuma kalmominmu sun fi son ƙarewa da wasali, sai muka datse wutsiyar, "soup" ya koma su. Muka zuba masa kimba da masoro da citta, kayan yajin ƙasar nan tun fil azal, tare da barkono, wanda shi kansa baƙo ne da ya zo daga nahiyar Amurka bayan 1492, kamar tumatir. Muka ba shi gurbinsa: ba miya ba ne, tun da ba a cin tuwo da shi, kuma ba romo zalla ba ne, tun da da namansa ake kawo shi. Shi ake yi wa mai jego da mai mura da baƙon da ake ji da shi. Wannan aro ƙari ya yi mana, da muna da kalma biyu, muka koma da uku.

Suf ɗin jikata kuwa ragi yake yi. Kalma ɗaya ce ta zo ta haɗiye miya da romo da farfesu, ta bi ta haɗiye kuka da taushe da yakuwa da zogale da kuɓewa ɗanya da busassa, ta bar yarinya da launi kawai, wannan baƙi, wancan kore, wancan ja. Wanda bai san sunan kuka ba, ba zai tambayi wace bishiya ce ba, balle ya san ganyenta ake shanyawa a inuwa a daka a tankaɗe, balle ya san dalilin da ya sa kakarsa take aikawa Kano a kawo mata, alhali ga ganye iri-iri a kasuwar Bodija. Ranar da ta je gida aka ce amarya zo ki kaɗa miya, me za ta ce?

Kuma ba laifin yaran ba ne. A makaranta Turanci suke ji, a titi Yarbanci da Turancin buroka, a waya kuma abin da Allah Ya sani. Awa nawa suke jin Hausa a yini? Mu ne muke ce musu "kawo fulet", "je ki kicin", "an gama suf?" saboda ya fi saurin fita. Mutanen Ayalan yunwa ce ta raba da yawansu da harshensu, suna da uzuri. Mu babu wanda ya sa mana sharaɗi a bakin tukunya, da kanmu muke sakin kalmomin ɗaya bayan ɗaya, cikin ƙoshi.

Ban ce a hana yara Turanci ko Yarbanci ba. A nan aka haife su, a nan za su nemi abinci, kuma mai harshe uku ya fi mai ɗaya. Abin da nake roƙo ƙarami ne: in an sauke tukunya a kira abin da ke ciki da sunansa. Mu a gidanmu mun fara. Hajiya ta kafa doka, duk wanda bai faɗi sunan miya ba, babu nama a kwanonsa. Shekaranjiya aka yi taushe, amaryata ta tsaya tana kallon kabewa tana kallon tsokar da ke hannun kakarta, ta yi shiru, can ta ce, "Miyar taushe." Aka ba ta tsoka biyu. Kukar dai har yanzu ba ta so, amma yanzu cewa take yi ba ta son miyar kuka, ni kuwa wannan ya ishe ni.

Ina gaida 'yan uwa na Shagamu da Agege da Abakwata da Onica da Fatakwal. Ku saurari yaranku a bakin kwano yau da daddare, ku ji abin da suke kiran abincin.